Yadda Ake Sa Saba Ta Gane Layi Ya Mutu, Ta Koma Kan Na Ko-ta-kwana

Saka wa saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogara da ita, kebul biyu bai isa ya hana ta yankewa ba. Sai ta gane cewa layin da take kai ya mutu, ta bar shi ta hau na ko-ta-kwana, sannan ta sanar da suwic, akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci, cewa yanzu ta wani fot, wato wata kafar kebul, ake samunta. Abu uku ke nan, kuma kowanne yana iya cijewa shi kaɗai. Wanda ya fi cijewa shi ne na farko, wato ganewar. Saba ba ta sauya sheƙa sai a kan irin mutuwar da aka ce ta sa wa ido. Duk wadda ba ta cikin lissafinta, za ta zauna a kan mataccen layi har a tashi daga aiki, fitilarta kore shar tana ƙyaftawa.

Bayanin nan na masu kula da ɗakin saba ne a irin wuraren da muke da su a Gombe: asibiti mai ajiye bayanan majinyata a kwamfuta, cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ƙaramin banki, makaranta mai gini biyu ko uku da aka haɗa da faiba. Da Linux zan yi misali, domin a nan ake ganin komai a fili. Windows Server da VMware za su zo a taƙaice daga baya.

Mataki na farko: zana hanyar a takarda

Kafin ka buga umarni ko ɗaya, ɗauki takarda ka zana hanyar da fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanan da ake aikawa a netwok, ke bi daga bayan saba har zuwa kwamfutar ma'aikaci. Sa komai a ciki: katin netwok, kebul, suwic na farko, layin da ya tashi daga wannan suwic zuwa babban suwic ko rauta, da duk wata konbata da ke mayar da kebul ɗin tagulla zuwa faiba. Ka zana hanya ta biyu a gefe. Duk inda hanyoyin biyu suka haɗu a na'ura ɗaya, ka kewaye wurin da jan biro, domin a nan babu ko-ta-kwana.

Kebul biyu a suwic ɗaya suna kare ka daga lalacewar kebul ne kawai. Suwic biyu a kan soket ɗaya kuwa, ranar da aka ɗauke wuta tare za su kwanta. A garin nan wannan ba ƙaramin lamari ba ne, tun da a yini guda ana iya sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata sau da yawa, kuma duk suwic ɗin da ba shi kan UPS mai batir na kirki, kowane sauyi sake tashi ne a wurinsa. Raba su: kowane suwic da tushen wutarsa.

Daga zanen za ka ga layi yana mutuwa iri-iri. Akwai mutuwar fili, inda aka zare kebul ko suwic ya mutu, fitila ta ɗauke. Akwai mutuwar nesa, inda kebul ɗin saba lafiya lau yake amma abin da ke gaban suwic ya yanke. Akwai suwic da ya daskare, fitilu na ci amma ba ya wuce da komai. Akwai kuma layi mai ciwo, yana aiki yana zubar da fakiti. Kowace hanyar ganewa da za mu bi tana kama wasu ne ta bar wasu.

Mataki na biyu: haɗa katunan biyu

A Linux ana ɗaure katuna biyu su zama ɗaya mai suna bond0, shi ke riƙe adireshin IP. Tsarin ɗaurin kala bakwai ne, daga 0 zuwa 6, amma biyu ne suka shafe mu: active-backup, wanda kati ɗaya ke aiki ɗayan na jira, da 802.3ad, wanda duka biyun ke aiki tare da yardar suwic. Idan suwic ɗinka biyu ne masu zaman kansu, ko kuwa masu arha ne da ba a shiga cikinsu a saita, active-backup za ka ɗauka. Ba ya buƙatar komai daga wajen suwic.

A kan Red Hat, Rocky ko AlmaLinux:

```
nmcli connection add type bond con-name bond0 ifname bond0 \
  bond.options "mode=active-backup,miimon=100,updelay=40000,primary=eno1,primary_reselect=failure"
nmcli connection add type ethernet slave-type bond con-name bond0-a ifname eno1 master bond0
nmcli connection add type ethernet slave-type bond con-name bond0-b ifname eno2 master bond0
nmcli connection modify bond0 ipv4.method manual \
  ipv4.addresses 192.168.10.5/24 ipv4.gateway 192.168.10.1
nmcli connection up bond0
```

A Ubuntu ta Netplan ake yi, sunayen sun ɗan bambanta: mii-monitor-interval, up-delay, primary-reselect-policy. Ma'anar ɗaya ce. Sunayen katunanka ka duba da `ip link`, ba lallai su zama eno1 da eno2 ba.

Kada ka yi wannan aiki daga nesa ta SSH, hanyar shiga saba ta netwok. Kana tsaye gaban saba da allo da kibod, ko kana ciki ta iDRAC ko iLO, fot ɗin kula da saba da ke kan nasa kebul. Wanda ya zauna a Tudun Wada yana gyara sabar da ke Bajoga ta layin da yake shirin kashewa, ya tanadi kuɗin mota.

Mataki na uku: fahimci abin da miimon ke kallo

Lambar miimon=100 tana nufin kowane milisakan 100, wato sau goma a sakan, kanel, wato zuciyar Linux, tana tambayar direban kati: akwai sigina a kan kebul ko babu? Amsar ita ce dai abin da za ka gani da idonka idan ka buga `cat /sys/class/net/eno1/carrier`, ko 1 ko 0, ko kuma layin Link detected a ƙarshen `ethtool eno1`. Da ta zama 0, sai a cire katin daga aiki a ɗora ɗayan. Idan komai daidai yake, bai kai sakan ɗaya ba an gama. Ka rubuta miimon da hannunka ko da an ce akwai lambar asali, domin a tsofaffin kanel lambar asalin 0 ce, kuma 0 na nufin babu mai kallo sam.

Sauran biyun, updelay da primary_reselect, suna maganar dawowa ne, kuma a wurinmu dawowar ta fi tafiyar haɗari.

Ka ɗauka suwic na farko ya mutu da ɗaukewar wuta, saba ta koma na biyu, aiki na tafiya. Janareta ya tashi, suwic na farko ya fara farfaɗowa. Fot ɗinsa yakan ba da sigina tun kafin ya shirya wuce da fakiti. Idan kuma yana gudanar da tsohon tsarin hana zagaye na STP, fot zai yi sakan 15 yana saurare, ya ƙara sakan 15 yana koyon adireshi, sakan 30 ke nan fitila na ci ba abin da ke wucewa. Saba da ba a ce mata ta jira ba, tana ganin sigina za ta yi tsalle ta koma layin farko, ta bar mai aiki ta hau wanda bai shirya ba. Mutane da yawa suna ganin yankewa biyu a duk ɗaukewar wuta, gajera a farko, doguwa bayan an tayar da janareta, suna ɗora laifin a kan janareta. Doguwar daga nan take.

Maganinta updelay. Da 40000, sai sigina ta tsaya cak na sakan 40 kafin a yarda da layin. Ka auna naka suwic da agogo daga kunnawa har ping, saƙon gwajin layi, ya fara wucewa, ka ƙara wani abu a kai. Lambar ta zama ninkin miimon, in ba haka ba za a rage ta zuwa ninki mafi kusa. Kada ka ji tsoron tsawonta: idan babu wani layi mai rai ko ɗaya, kanel tana watsar da jiran ta kama duk wanda ya fara tashi. A ɓangaren suwic kuma, fot ɗin da saba ke kai ka mayar da shi fot na gefe, abin da Cisco ke kira PortFast, don ya daina wannan jira na sakan 30.

Sai primary_reselect. A asalinsa yana kan always, wato da layin farko ya dawo a koma masa. Ni failure na fi so: a zauna a kan wanda ke aiki har sai shi ma ya mutu. Kowace komawa ƙaramar yankewa ce, kuma idan katunan biyu gudunsu ɗaya, ba abin da aka ƙaru da shi. Inda always ke da amfani shi ne idan na farko mai gigabit 10 ne, na jiran kuwa gigabit 1.

Akwai downdelay, jiran da ake yi kafin a yanke hukuncin mutuwa. A kebul ɗin tagulla, idan sigina ta faɗi, sake sasantawa tsakanin kati da suwic kan ɗauki sakan biyu zuwa uku, don haka jira ba ya tsinana komai. Bar shi a 0.

Mataki na huɗu: inda miimon ke makancewa

Ga hoton da ya kamata ka riƙe. Saba tana ginin gudanarwa, babban suwic yana ginin da ke ƙetaren fili. Daga bayan saba gajeren kebul ya shiga wata 'yar baƙar konbata da ke kwance a ƙasan rak, daga ita faiba ta bi ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙa kwalbati sun sare faibar. Fitilar FX ta ɓangaren faiba a jikin konbata ta ɗauke, amma ta TX ta ɓangaren tagulla tana nan tana ci, domin tsakanin konbata da saba babu abin da ya faru. Shugaban ofis ya leƙo: "Malam, netwok fa ya tsaya." Mai kula da saba ya duba allo: "Yallaɓai, ai nan komai kore ne." Duka biyun gaskiya suka faɗa. A wurin miimon layi na da rai, don haka ba za ta motsa ba.

Matakin farko mai arha shi ne ka juya konbatar ka duba ƙananan maɓallanta. Da yawa suna da ɗaya mai suna LFP. Idan aka kunna shi a duka ɓangarorin biyu, faiba na yankewa konbata za ta kashe fot ɗin tagulla da gangan, miimon ta gani. A suwic na kirki ma akwai makamancin wannan: ka ce masa idan layin sama ya faɗi, ya kashe fot ɗin sabobi. Cisco na kiransa link state tracking, wasu kamfanonin uplink failure detection.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai a sauya mai kallon gaba ɗaya, a koma ARP. Miimon kamar mutum ne da ya ga ƙofar zaure a buɗe ya ce mutanen gida na nan. ARP kuwa sallama yake yi ya tsaya sai an amsa. Kowane ɗan lokaci saba na aika tambaya zuwa wani adireshi da ka zaɓa a can cikin netwok, idan amsa ta daina zuwa, layin ya mutu ko da fitila na ci. A Netplan:

```
parameters:
  mode: active-backup
  primary: eno1
  arp-interval: 1000
  arp-ip-targets: [192.168.10.1, 192.168.10.2]
  arp-validate: all
```

Da tazarar milisakan 1000, ganewa na ɗaukar kamar sakan biyu zuwa uku. Ya fi miimon jinkiri, amma yana kama mutuwar nesa da daskararren suwic, waɗanda miimon ba ta gani ko da za a kwana.

Sai dai ARP yana da nasa sharuɗɗa. Ba a haɗa shi da miimon a bond ɗaya. Kunna ɗaya kashe ɗaya ne, kuma updelay na miimon ne kaɗai. Ba ya aiki da 802.3ad. Adireshin da za ka tambaya dole ya kasance a yanki ɗaya da saba, domin ARP ba ya ƙetare rauta. Kuma kada ya zama guda ɗaya tak. Idan rauta kaɗai kake tambaya, ranar da aka sake kunna rautar, saba za ta ɗauka duka layukanta sun mutu, ta yi ta tsalle tsakaninsu, har ma'aikatan cikin gida da ba ruwansu da intanet su rasa ta. Ana iya sa adireshi har 16. Biyu ko uku sun isa, na na'urorin da ba a kashewa kuma ba sa kan wuta ɗaya: rauta, babban suwic, wata sabar. A asali, amsar ɗaya daga cikinsu ta wadatar. Kada ka sa firinta, da yamma wani zai kashe ta.

Shi kuwa arp_validate, in ba ka sa shi ba, duk wani fakiti da ya shigo ana ɗaukarsa shaidar rai. Suwic da aka yanke daga sama yana iya samun wata kwamfuta ɗaya a jikinsa tana ta surutu, saba ta ji ta ce lafiya. Da all, katin da ke aiki sai ya ji amsa daga adireshin da aka tambaya, na jiran kuma sai ya ji tambayar da ɗan'uwansa ya watsa ta zagayo ta iso shi. Idan tsarin suwic ɗinka bai barin wannan tambaya ta zagayo, za ka ga na jiran kullum a mace. Sai ka mayar da arp_validate daga all zuwa active, a tantance mai aiki kaɗai.

Idan LACP ka zaɓa

Tsarin 802.3ad ya fito a 2000, aka mayar da shi ƙarƙashin 802.1AX a 2008. A nan saba da suwic suna musayar ƙananan saƙonni da ake kira LACP a kan kowane kebul, idan uku a jere suka ɓace, an cire kebul ɗin daga cikin ƙungiya. Matsalar ita ce a asali saƙon kowane sakan 30 yake zuwa, ka ga sai sakan 90 kafin a gane. Sa lacp_rate=fast a saba, ka sa makamancinsa a suwic, ya koma kowane sakan ɗaya, ganewa cikin sakan 3. Miimon tana nan tana aiki tare da shi don mutuwar fili.

LACP iyakarsa suwic ɗin da ke gabansa. Abin da ke bayan suwic bai sani ba. Kuma in kana son kebul biyu su tafi suwic biyu su yi aiki tare, sai suwic ɗin sun zama waɗanda ake haɗawa su zama ɗaya, ta stak ko MLAG. Wani abu da ake yawan zato: wai kebul biyu na gigabit 1 za su ba fayil ɗaya gudun gigabit 2. Ba haka ba ne, kowace hira tsakanin kwamfuta biyu kebul ɗaya take bi.

Mataki na biyar: sanarwar sauya wuri

Suwic yana riƙe da jadawalin cewa adireshin MAC kaza, wato lambar shaidar katin netwok, yana fot kaza. A active-backup katunan biyu adireshin MAC ɗaya suke amfani da shi, don haka bayan sauyi dole sauran suwic su koyi sabuwar hanyar, in ba haka ba za su ci gaba da tura fakiti tsohuwar har jadawalin ya tsufa, wanda a yawancin suwic sakan 300 ne. Don gudun haka, da an sauya kati, bond na watsa saƙon ARP da ba wanda ya tambaya, yana shelar kansa. A asali sau ɗaya ake aikawa. Idan wannan ɗayan ya faɗi a hanya, shi ke nan. Ƙara num_grat_arp=5 a cikin bond.options, ba ya cin komai.

Mai gudanar da kwamfutocin VM, wato kwamfutocin manhaja da ke zaune cikin saba ɗaya, a kan sabar, kamar a Proxmox ko KVM, ya sani cewa shelar ta adireshin sabar ce, ba ta VM ɗin da ke cikinta ba. VM mai yawan magana da kanta za ta koya wa suwic. Mai shiru, wadda sai an neme ta take amsawa, tana iya ɓacewa na ɗan lokaci. Ka sa ta cikin gwaji.

Tun da adireshin IP bai sauya ba, hirar TCP da ke gudana ba ta mutuwa. Tana sake aika abin da ya ɓace ta ci gaba. Mai cike fom zai ga ɗan tsaiko kawai.

Windows, VMware, da layin intanet

Windows Server ya zo da haɗa katuna na kansa tun sigar 2012, sai 2016 ta kawo wani sabon salon haɗawa mai suna SET don Hyper-V, mai gudanar da VM a Windows. In ba LACP ka sa ba, sigina kaɗai suke kallo kamar miimon, don haka duk maganar konbata da layin sama ta shafe su, kuma gyaran a suwic yake. SET ma ba ya yin LACP. A ESXi na VMware zaɓi biyu ne, Link status only da Beacon probing. A Beacon probing katunan ne ke aika wa juna saƙo, kuma sai da katuna uku yake da ma'ana, domin da biyu idan saƙo ya ɓace ba a san wanne ne mai laifin ba. Bar Notify switches a kunne, shi ke yi wa VM shela.

Duk wannan bai taɓa yankewar intanet daga kamfani ba. Wannan aikin rauta ne. A MikroTik, check-gateway=ping yana gwadawa kowane sakan 10, bayan rashin amsa biyu ya sauke hanyar. Amma makancewar ɗaya ce: idan abin da yake gwadawa shi ne akwatin kamfani da ke kan teburinka, zai amsa ko da faibar da ke kan hanya ta tsinke. Sai a sa shi ya gwada wani adireshi na can waje ta wannan layin. Kuma a nan adireshin waje yana sauyawa, don haka hirar da ke gudana takan yanke. Rauta biyu masu riƙe adireshi ɗaya da VRRP suke yi, shela kowane sakan ɗaya, na jiran ya karɓa bayan sakan uku da 'yan kai. Manyan cibiyoyi suna ƙara BFD, wanda aka tsara a RFC 5880 a 2010, mai iya gane yankewa ƙasa da sakan ɗaya.

Mataki na shida: gwaji

Zaɓi lokacin da ofis ya yi sauƙi, kamar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka sanar da masu aiki. Buɗe allo biyu a kan saba, ɗaya da `watch -n 1 cat /proc/net/bonding/bond0`, ɗaya da `journalctl -kf`. Sannan daga wata kwamfutar Linux a can wani ofis, ba daga sabar ba:

```
ping -D -O -i 0.2 192.168.10.5
```

Dalilin yin ping daga waje shi ne, idan saba ce ke aikawa, fakitinta da kansu suna koya wa suwic sabuwar hanya, su rufe maka matsalar shela. Daga waje kuwa abin da ma'aikaci zai gani shi kake gani. Kowane fakiti biyar da suka ɓace sakan ɗaya ne.

Fara da zare kebul na farko da hannunka. Umarnin `ip link set eno1 down` ba gwaji ba ne, domin kanel ta riga ta san kai ka kashe. Abin da ake son gani shi ne ko kati da direbansa za su kawo rahoto da kansu. A allon log za ka ga link status definitely down, sai making interface the new active one. Rubuta adadin da ya ɓace. Mayar da kebul, ka ga ya jira sakan 40 ɗinsa, kuma bai ƙwace aikin ba.

Sai ka zare na biyu, ka tabbatar ya dawo kan na farko. Ana yawan tsallake wannan, alhali a nan ake gano cewa fot ɗin na biyu yana wani VLAN dabam, wato wani yankin netwok da aka ware a cikin suwic.

Na uku shi ne ainihin gwajin. Bar kebul ɗin saba yadda yake, ka zare layin sama na suwic ɗin da take kai, ko faibar da ke jikin konbata. Idan ping ya tsaya, allon bond bai motsa ba, ka ga makancewar da idonka. Koma mataki na huɗu.

Na ƙarshe, kashe suwic ɗin daga soket, ka jira, ka kunna. Kada ka ɗauke ido daga ping har suwic ya gama tashi da minti biyu, domin a wannan tsakanin ne yankewa ta biyu ke ɓuya.

Mataki na bakwai: sa ido bayan an gama

Sauyin da ya yi kyau ba wanda ke ji. Illarsa ke nan: layin farko yana iya mutuwa tun watan azumi, saba na tafiya da ɗaya, ba a sani ba sai ranar da shi ma ya tafi. Fayil ɗin bond yana faɗin gaskiya:

```
Currently Active Slave: eno2
Slave Interface: eno1
MII Status: up
Speed: 100 Mbps
Link Failure Count: 37
```

Layi mai wannan alama a rubuce yana da rai, amma mai ciwo ne. Ya faɗi sau 37, kuma gudunsa ya sauka zuwa 100 a kati mai 1000. Gigabit yana buƙatar duka tagwayen wayoyi huɗu da ke cikin kebul, 100 kuwa biyu sun ishe shi, don haka waya ɗaya ta tsinke a kan da ba a matse da kyau ba, kati ya sauko ya ci gaba shiru. Miimon ba ta ɗauki wannan mutuwa ba, ARP ma haka. Duba `ethtool -S eno1` ka nemi layukan crc, masu ƙirga fakitin da suka iso a lalace; idan lambar na hawa, sauya kebul. Ka guji irin kebul ɗin alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, kuma kada tsayi ya wuce mita 100. A faiba, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba: duk kan da aka zare a mayar masa da murfinsa, a goge shi da abin gogewar faiba kafin a mayar, ba da bakin riga ba.

Don samun labari da wuri, umarni ɗaya ya isa:

```
grep -c "MII Status: up" /proc/net/bonding/bond0
```

Da katuna biyu amsar 3 ce, ɗaya na bond, biyu na katuna. Sa shi a cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, kowane minti biyar, ko a manhajar sa ido ta Zabbix in kana da ita, duk lokacin da ya gaza 3 ya turo maka saƙo. Ka sa ido kuma a kan Link Failure Count, hawansa kake nema ba girmansa ba. Yana komawa 0 idan aka sake kunna saba.

Duk bayan wata uku, tura aikin kan na jiran da gangan:

```
ip link set bond0 type bond active_slave eno2
```

Bar shi ya ɗauki nauyin ofis na yini guda cur, kana kallon lambobin crc ɗinsa. Idan ya wuce lafiya, rubuta kwanan wata da adadin fakitin da suka ɓace a jikin takardar zanen nan, ka manna ta a ƙofar rak.